Tambayoyi da Amsoshi: Yaron da Ba Ya Ajiye Gem, da Jirin Gilashin VR

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 14 kullum yana kan gem a waya. An ce min ciwo ne. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, yawan awanni kaɗai ba ya nuna ciwo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar gem a matsayin larura, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. A 2022 masu bincike a Jami'ar Oxford sun bi 'yan wasa kusan 39,000 da bayanan da kamfanonin gem suka ba su, suka tarar tsawon lokacin wasa bai cika sauya walwalar mutum ba. Abin da ya fi tasiri shi ne dalilin wasan: don jin daɗi ne, ko ji yake ya zame masa dole. Sai dai manya aka bincika, shi ya sa ga yaro nake cewa ki duba barcinsa tukuna. Idan yana gyangyaɗi a aji, ko ana tashinsa sallar asuba da ƙyar wayar na ƙarƙashin filo, to ki ɗauki mataki. Sauke Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yara, ki haɗa wayarsa da taki, ki sa lokacin barci, misali ƙarfe 9, da iyakar minti ga kowace manhaja. Ku yanke iyakar tare da shi, cajin dare kuma a falo.

Tambaya: Na sayi Quest 2, gilashin VR da ake sawa a fuska a ji kamar ana cikin wasan, amma minti goma sai jiri da tashin zuciya. Ya lalace ne?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Idonka na cewa kana tafiya, sashen daidaita jiki da ke cikin kunne na cewa kana zaune. Saɓanin nan ke kawo jirin. Fara da madubai biyun da ke ciki: suna matsawa wuri uku, milimita 58, 63 da 68, ka zaɓi wanda rubutu ya fi fitowa tas. A saitin wasan, bar tafiya a hankali da ɗan sandan da ke kan abin sarrafa wasa na hannu, ka zaɓi tsalle daga wuri zuwa wuri da juyawa a tsittsinke. Zauna, kunna fanka a fuskarka, ka yi minti biyar zuwa goma a rana, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da ka ji gumi ko miyau ya taru, cire nan take. Dagewa ƙara shi take yi.

Kada wannan ya sa ka raina na'urar. A Jami'ar Washington an yi amfani da SnowWorld, wasan VR mai nuna duniyar ƙanƙara, wajen rage wa masu ƙunar wuta raɗaɗi lokacin wankin rauni. Mai farfaɗiya kuwa ya fara ganin likita kafin ya saka.