Likita Na Amsa: Za a Iya Rainon Ciki a Wajen Jikin Mace?

Tambaya: Likita, na ga bidiyo a Facebook, wai an ƙera na'urar da ke ɗaukar ciki tun daga farko har haihuwa. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, bidiyon jariran nan da aka jera cikin kwalabe zanen kwamfuta ne. Abin da ya faru da gaske shi ne, a 2017 likitocin asibitin yara na Filadelfiya a Amurka sun ciro 'ya'yan tumaki kafin lokacin haihuwarsu, suka sa su cikin jakar roba mai ruwa irin na mahaifa. Aka haɗa cibiyarsu da na'urar da ke zuba iskar shaƙa cikin jini, zuciyarsu kuma ita ke tura jinin da kanta. Sun yi har mako huɗu a ciki, sun buɗe ido, gashi ya fito. Ka ga ke nan ƙarasa rainon ciki aka yi. Fara shi tun daga farko kuwa, babu wanda ya iya.

Tambaya: Na haifi bakwaini a wata shida, ya kwana uku a kwalba ya rasu. Da wannan jakar za ta cece shi? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa, ya sa mai ceto ne. Irin ɗanki ake nufi da wannan aiki, musamman 'yan mako 22 zuwa 24, waɗanda huhunsu bai yi ƙwarin shaƙar iska ba. Amma kada ki sa wa ranki "da na sani". A Satumban 2023 ma hukumar kula da magunguna ta Amurka zaman shawara kawai ta yi kan yadda za a fara gwaji a kan ɗan Adam.

Abin da ke damuna shi ne yardar iyaye. Kafin a sa jariri cikin jakar, sai an yi wa mace fiɗa tun cikin bai kai ba, wanda kan iya shafar haihuwarta ta gaba. Matar da ke cikin firgicin rasa ɗanta, aka miƙo mata takarda, ai kome aka rubuta za ta sa hannu.

Tambaya: In na'ura ta raini ɗa, wace ce uwarsa? (Ɗalibi daga Kano)

Amsa: A yadda ake shirin yin sa yanzu babu ruɗani: ƙwan nata ne, ita ta ɗauki cikin wata biyar da ɗoriya. Hukuncin shari'a kuma sai ka tuntuɓi malamai, ni nawa allura da magani.