Zan iya goge ƙarfen ƙasan tsohuwar Marsandi ya yi sumul?

Tambaya: Ina gyara Marsandi 230E ƙirar W123 da na gada daga mahaifina. Na sauke ƙarfen baya, wanda ke riƙe da difaranshiyal da hannuwan tayoyi. Ina ganin hotunan motocin Amurka ƙasansu sumul, babu tabon walda ko rami. Zan iya mayar da nawa haka?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa motar ta daɗe a hannunka. Za ka iya, amma da sharaɗi: kada son kyau ya sa a cinye ƙarfen.

Salon da ka gani ya fi yawa a wajen masu gyaran Chevrolet Camaro ta 1967 zuwa 1969, wadda ƙarfenta na gaba ake kwance shi da noti a yi masa aiki a gefe. Da yawa daga cikinsu motocin baje koli ne. Taka kuwa hanya za ta hau, ga ramuka ga kwalbati, kuma wannan ƙarfen ne ke shan duk wani duka.

Fara da tone shi har ƙarfe zalla ya fito, da feshin yashi idan da hali. W123 an ƙera ta ne daga 1976 zuwa 1986, ka ga ta kusa shekara 40 ko ma ta haura. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa, musamman kusa da mazaunin manyan robobi biyu da ke haɗa shi da jikin mota. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas. Inda ka ji sautin ya mutu, tsatsa ta ci shi daga ciki, sai an yanke an sa sabo kafin a zo maganar kwalliya.

Inda na fi so ka natsu shi ne waldar kamfani. Wannan tudun da kake gani mummuna, shi ya haɗe ɓangarorin ƙarfen. Na sha ganin yaron shago ya kama injin gurza ya bi layin har ya shafe, wurin yana ƙyalli, amma in ka sa farce za ka ji siririn tsagi. Nan ne zai fara tsagewa. Abin da ake yi shi ne a cire tartsatsin walda, a rage kaifin tudun kaɗan, sannan a cike gefensa da sabuwar walda a goge sabuwar kawai. Mai walda ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan yana sauya wuri yana barin ƙarfen ya huce. Zafi in ya taru wuri guda yana karkatar da shi, kuma milimita biyu ko uku sun isa su sa tayoyin baya cin gefe. Saboda haka auna tsakanin ramukan noti, har da kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta kafin a kunna wuta, ka sake aunawa bayan an gama.

Ramuka kuma ba duka ake toshewa ba. Na ƙasa hanyar fitar ruwa ne, in ka rufe su damina ɗaya ta isa ta fara ruɓar da cikin. Wanda ka tabbatar ba ya aikin komai, a yanko ƙarfe mai kaurinsa a walda a wurin.

Sai fenti. In fentin gari za ka yi, wanda ake gasawa a zafin kusan digiri 200, manta da filar da masu gyaran jikin mota ke shafawa, kumbura take yi a tanda. In na feshi ne, a fara da shimfiɗar epoxy a kan ƙarfe, sai fila siririya, a bi da samfefa. Ni baƙi mai ɗan dushi nake zaɓa, don mai sheƙi yana tona duk wani lanƙwasa. A rufe mazaunin robobi da bakin noti kada fenti ya taru, sannan a fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙarfen ta ramukan da ka bari.