Fatawa: Hukuncin ɗalibi ya sa ChatGPT ya rubuta masa kundin digiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata jami'a a nan Katsina. Ƙawayena suna ba ChatGPT taken kundinsu, ya zubo musu babi guda nan take. Wata kuma ta ce mini ko taɓa shi haramun ne. Ina tsoron zunubi, ina kuma tsoron a bar ni a baya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya ƙara miki tsoronsa.

Wadda ta ce haramun ne ta tsananta. Asali a al'amuran duniya shi ne halacci, kuma kayan aiki yana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da shi. Wannan manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, da kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022, in kin sa ta ta warware miki darasi mai wuya ko ta gyara miki Turanci, babu laifi, matuƙar dokar jami'arku ba ta hana ba. Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ɗauka.

Abin da ƙawayenki ke yi kuwa algus ne, haramun ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A farkon kundi akwai shafin da ɗalibi ke sa hannu cewa aikin nasa ne. Me ya raba wannan da shaidar zur? Aya ta 188 a Ali Imrana ta gargaɗi masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Abin da ya fi ci mini rai, da wannan takarda za a ba mutum aji ko ɗakin magani, 'ya'yan talakawa su kwashi jahilcinsa.

Ko a inda ya halatta, ki sani manhajar nan hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya take yi. Takan ƙago sunan littafi da marubucin da babu su, har hadisi takan jingina wa wanda bai ruwaito shi ba. Duk abin da ta ba ki, sai kin gan shi da idonki a asalinsa. A kan addini kuwa, Ibn Sirin ya ce ilimin nan addini ne, ku duba daga wa kuke karɓa.

Malaman jami'a ma ina roƙonsu: manhajojin gano rubutun na'ura suna kuskure, kada a kayar da ɗalibi bisa zato. A zaunar da shi ya kare aikinsa da bakinsa.

Duk wadda ta riga ta afka, ta tuba, ta sake rubuta babin da kanta kafin ta miƙa.

Wallahu a'alam.