Kwastomomin ƙauye ba su da lambar gida, ya za a sa su a taswira?

Malam, matsalarka ita ce kuna raba intanet daga nan Kano zuwa ƙauyuka, za ku kai wa NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, rahoto, amma adireshin da ke hannunku irin su "bayan masallacin Juma'a" ne ko "kusa da gidan mai unguwa".

Kar ka zuba su a Google Maps ka ce ya nemo maka, in bai gane wuri ba sai ya jefa maka alama tsakiyar garin kawai, ga shi wuraren da ake kira Sabon Gari da Unguwar Rimi sun fi a ƙirga. Abin da ya fi, duk wanda ya je haɗa eriya ya tsaya ƙofar gidan ya ɗauki GPS da wayarsa, manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox na aiki ko babu netwok, ya jira lambar GPS ɗin ta nutsu tukun, sannan ya rubuta mazaɓa da ƙaramar hukuma.

A kula da juya lambobin GPS guda biyu, latitud da longitud, don Allah. Kano latitud wajen 12 ne, longitud wajen 8.5, in aka musanya sai ka tsinci kwastoman Bichi a Adamawa.

Tsarin fayil kuwa ka tambayi NCC da kanka, ka kuma samu masanin GIS (taswirar kwamfuta) ya duba kafin ku tura. Bayanan gidajen mutane ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku, a daina yawo da su a WhatsApp.