Hukuncin Aikin Musulmi a Hukumar da ke Tallafa wa Masu Yin Giya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ma'aikatar kasuwanci, an tura ni sashen da ke kula da kamfanonin giya na yankinmu. Muna ba su tallafi da sassaucin haraji, muna shirya baje koli, mu ne kuma ke ba da lasisi da sa ido. Mene ne hukuncin aikina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, aikin nan naka kashi biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Giyar da ake yi da hatsi hamru ce, wato abin sha mai bugarwa da shari'a ta haramta. Jiƙa sha'ir ake yi ya tsira, a busar, a niƙa, a dafa, a zuba yis ya mayar da zaƙin barasa, galibi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Ƙarancin barasar bai halatta ta ba, domin Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Da Abu Musal Ash'ari ya tambaye shi game da mizru, abin shan mutanen Yaman da ake yi da sha'ir, sai ya ce duk abin da ke bugarwa haramun ne. Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Hujjar cewa sana'ar gado ce ko tana samar da aikin yi, an kawo irinta tun zamanin Annabi. Dailamul Himyari ya ce ƙasarsu akwai sanyi da aikin wahala, suna shan abin da suke haɗawa da alkama don samun ƙarfi. Annabi ya tambaye shi ko yana bugarwa, ya ce e, sai ya umarce su da su nisance shi. Abu Dawud ya ruwaito.

Saboda haka rubuta takardar tallafi, rage wa kamfani haraji, tsara baje koli, tallata giyar yanki ga masu yawon buɗe ido, da sa hannu a sabon lasisi, duk haramun ne. Lasisi izini ne, mai sa hannu shi ya buɗe ƙofar. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo, hadisin Anas a Tirmizi kuma ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai dakonta da mai cin kuɗinta.

Sa ido kuwa, sai a duba inda ya dosa. Hana sayar wa yara, taƙaita lokutan sayarwa, hana talla, rufe wurin da ya karya doka, kama direban da ya sha, janye giyar da aka gano guba a cikinta: waɗannan rage ɓarna ne, kuma ya halatta Musulmi ya yi su a ƙasar da ba shi da ikon hana giyar ɗungurungum. Amma a nan mutane ke zamewa. Gwajin da ake yi don inganta ɗanɗano, ko don a manna tambarin inganci kasuwa ta buɗe, sunansa sa ido, haƙiƙarsa talla.

Ka nemi a mayar da kai wani sashe a rubuce, ko a taƙaita ka ga ayyukan hani. In an ƙi, ka fara neman wani aiki da gaske tun yanzu. Idan barinsa nan take zai jefa iyalinka cikin yunwa, ka zauna gwargwadon lalura kawai, kana kauce wa sa hannu a tallafi da lasisi iyakar iyawarka, ka tafi da zarar ka samu mafita.

Wallahu a'alam.