Tambaya da Amsa: Ina Son Yin Digiri na Biyu a Kan Harshen Kakata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digiri na farko a fannin Hausa. A gidanmu kakata ce kaɗai ke jin Fa'anci sosai, mu jikoki kuwa sai gaisuwa da 'yan kalmomi. Me ake bukata kafin a ɗauke ni digiri na biyu don in yi bincike a kansa? Daga wata mai karatu, Ningi, Jihar Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Takardun ba su da wuyar lissafi. Yawancin jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci, da digiri mai daraja ta biyu ko da mataki na ƙasa ne, da takardar kammala bautar ƙasa, da cikakken sakamakon jarrabawarki wanda tsohuwar jami'arki za ta aika da kanta, da wasiƙun malaman da suka san aikinki. Ki nemi sakamakon nan da wuri, domin shi ne ya fi jinkiri.

Abin da ya fi takardu nauyi a ganina shi ne wanda zai duba aikin. Sassan harsunan Nijeriya da yawa sun fi ƙarfi a adabin Hausa, alhali ke kina bukatar masanin kimiyyar harshe wanda ya taɓa zama da masu harshe yana rubuta furucinsu da karin sautinsu. Ki bincika a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri, ki rubuta wa malamin kafin ki sayi fom, kuma ki nuna masa kin san abin da aka riga aka yi. Misali, Fa'anci dangin harshen Miya ne a cikin rukunin harsunan da ake kira Cadi, wanda Hausa ma tana cikinsa, kuma masanin harsuna Russell Schuh ya wallafa nahawun Miya a 1998. Tsarin binciken da bai ambaci irin wannan aiki ba, da wuya ya burge kowa.

Idan kika hango ƙasar waje, za a iya ƙara miki jarrabawar Turanci kamar IELTS. Akwai kuma shirin ELDP, wanda aka kafa a Landan a 2002 ya koma Balin ta Jamus a 2021, mai ba da tallafin taskace harsunan da ke bakin gushewa.

Sai dai kada ki jira takardar shiga jami'a. Harshen Ajawa na nan Bauchi ya ɓace tun ƙarnin da ya wuce, masu shi suka koma Hausa, wato harshen da muke wannan magana da shi. Ki nemi izinin kaka, ki zauna da ita da hantsi kafin gida ya cika da hayaniya, ki kunna wayarki ki ɗauki muryarta, kakar ta yi miki tatsuniya, ta faɗi sunayen hatsi da na dangi, ki rubuta rana da wuri da sunan mai magana a kan kowane ɗauka, sannan ki ajiye kwafi biyu a wurare daban.