Tambayi Bakanike: Porsche, M3 ko Maserati ta hannu, ya batun giya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Don Allah shawara nake nema, na daɗe ina tara kuɗi in sayi motar gudu irin ta 'yan gayu amma ta hannu, yanzu guda uku ne a gabana, Porsche 911 ta 2010 mai giyar PDK, da BMW M3 ta 2011 mai giyar DCT, sai Maserati GranTurismo S ta 2009 wadda ita ta fi sauƙin kuɗi kuma gaskiya ita raina ya fi so saboda kukan injinta. To wani abokina yana ta tsorata ni wai giyabos ɗin irin waɗannan motocin shi ke talauta mutum, mai M3 ɗin kuma ya ce min wai man giyarta ba a canza shi har abada. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, mai M3 ne dai ya ɗan shafa maka mai a baki.

Bari in fara da wadda ranka ke so. Injin Maserati ɗin nan V8 ne mai lita 4.7 kuma Ferrari ce ta haɗa shi, don haka ban ga laifinka ba, ni kaina in ta wuce sai na waiga. Amma kafin komai leƙa tsakanin kujerun gaba. In ka ga sandar giya irin ta kowace otomatik to ta kamfanin ZF ce mai giya 6, wannan ba ta da rigima sosai. In kuma maɓallai ka gani, ɗaya an rubuta 1 ɗaya R, to MC Shift ce, wato giyar manuwal ce zalla mai busasshen kuloci guda ɗaya, kawai dai kwamfuta da fam ne ke taka maka kulocin maimakon ƙafarka, kuma ita wannan ba abin da ta tsana irin cunkoso da jan mota a hankali da yin ribas a kan tudu, nan take za ka ji ƙaurin kuloci ya cika motar. Kar ka yarda da "ai kwanan nan aka canza", a jona mata kwamfuta, za ta nuna kashi nawa cikin ɗari na kulocin ya cinye. In mai motar ya fara hanya-hanya a kan a jona, ka yi masa sallama. Arahar da ka gani sau da yawa kuɗin kulocin ne aka rage maka ba ka sani ba.

PDK da DCT kuwa 'yan gida ɗaya ne a tsari, duk giya 7 ne, kuloci biyu ne suna wanka cikin mai, ɗaya na riƙe da 1, 3, 5, 7 ɗayan na riƙe da 2, 4, 6, shi ya sa kafin ka bar ta biyu ta uku ta riga ta shiga tana jira. To tunda kulocin cikin mai yake, duk garin da ya goge ina kake jin zai tafi? Cikin man nan zai zauna, ya bi ta filta da ƙananan bawul, ga zafi yana dafa shi shekara da shekaru. Mota ta haura shekara goma a ce mai bai gaji ba, haba dai. Ko ZF da ke ƙera wa kamfanoni da dama otomatik ta taɓa ba da shawarar a canza mai tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000 ko bayan shekara 8. PDK ɗin wannan Porsche ma mai iri biyu take sha, na kuloci daban na haƙoran giya daban, na kulocin duk shekara 6 ake sauke shi, ka nemi rasit ɗin da ya nuna an yi. Kuma don Allah kar wani ya zuba maka man otomatik na gama-gari wai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

M3 ɗin a ɗaga ta a duba ƙasan giyabos, tana yawan tsatsar mai ta gasket ɗin kwanon. Sannan ita babbar damuwarta ma ba giya ba ce, metal ɗin injinta ne, wato bearin ɗin konrod, ka tambaya ko an taɓa canzawa.

Ranar gwaji ka ce kar a tayar da motar sai ka zo, da sanyinta ake kama ta. Sa giya ka saki birki ka ɗan taɓa totur a hankali, ya kamata ta tafi sumul, in tana kakkarwa ko ta yi jim sannan ta fizge ka, ko ka ji "ƙas" wajen shiga ribas, ka rubuta. Sai ka tuƙa ta kamar rabin awa har ta yi zafi ka sake gwadawa, don wata sai ta ɗau zafi take nuna halinta.

In ni ne, 911 ɗin zan ɗauka matuƙar takardun sabis ɗinta sun cika, don ta 2010 ta tsallake matsalar bearin ɗin IMS (wani shaf ne a cikin inji) da ta addabi waɗanda suka gabace ta. Sai dai ka sani in PDK ta lalace, ko da ƙaramar sensa ce a ciki, dila yakan ce sai dai a canza giyabos ɗin gaba ɗaya, don haka tun kafin ka biya ka nemo bakaniken da ya taɓa buɗe ta da hannunsa. In kuma Maserati ɗin mai sandar giya ce, ka sake rubuto min da kilomitar da ta ci.